Takardun da Suka Zo Daga Kyuba a Kwalin Takalmi

Na yi ritaya ina da shekara goma sha bakwai, kuma duk wadda ta yi dariya Allah na ganinta. Shekara shida na yi a sana'a ɗaya, a ɗakin ƙasa na wani gida a garin Lanham na Amurka, har wuyana ya koyi lanƙwasa irin ta tsofaffin teloli. A bazarar nan aka rufe ɗakin, don mai sana'ar za ta koma Kumasi. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne Walida da Ummi. Ranar Asabar a Islamiyya suka tambaye ni wai me nake yi a gidan Mma Rakiya duk shekarun nan, na ce muna mayar da rubutun hannu cikin kwamfuta. Walida ta ce au, taifin kawai, ai ita da yatsa biyu take yi a waya tana taunar cingam. To Walida da Ummi, na san shekara biyu kacal na ba ku, amma ku gyara zama, tsohuwar ma'aikaciya za ta yi magana.

Mma Rakiya maƙwabciyarmu ce, 'yar zangon Kumasi. Tana ƙarama aka sa ta cikin yaran Gana da aka tura karatu Kyuba, ta yi shekaru a wani tsibiri, da safe aji, da yamma gonar lemo. Ta koma gida da Sifaniyanci a baki da son kofi mai ɗaci, daga baya aure ya kawo ta Maryland. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, shekara shida tana ce min "kai". A nan na gyara mata maganarta. In ta gani sai ta murɗe min kunne, don a sana'armu gyara maganar mutum babban laifi ne.

Yadda ta shiga aikin ma labari ne. Wata rana a shagon injinan wanki, inji ya ƙi buɗewa da zannuwanta a ciki, ta tsaya da mayafinta tana zazzaga masa faɗa da Sifaniyancin Kyuba. Wata tsohuwa da ke ninke tawul a gefe ta matso ta tambaye ta ita 'yar wane gari ce a can. Tsohuwar 'yar Kyuba ce, aikinta buga wa marubuta rubutunsu da tafireta, idonta kuma ya soma gajiya. Ta ɗauki Mma aiki. Wata ukun farko ba ta bar ta ta taɓa tafireta ba, sai wanke hannu da juya shafi. Da tsohuwar ta rasu, masu kawo mata aiki suka biyo Mma, sai dai tafireta ta koma kwamfuta.

Ni kuwa bakina ne ya kai ni. Mun zo daga Kaduna ina da shekara goma. Baba yana sashen Hausa na gidan rediyo, Umma nas ce. Kafin shekara ta zagayo na gaya wa 'yan ajinmu cewa kakana yana da raƙumi dubu da jirgin sama biyu, ɗaya na zuwa kasuwa. Malamarmu ta yarda, har ta roƙi Umma hotuna. A ranar Umma ta ja hannuna har gidan Mma, ta ce ga ni nan, daga tashi makaranta zuwa magariba, ko zan koyi yin shiru. Mma ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in je in wanke hannu. Ni ma wata uku na yi ina juya shafi. Har a mafarki ina juyawa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Akwai fitilar tebur mai dogon wuya kamar zalɓe, wadda ake kwantar da kanta gefe don haske ya bi takarda a kwance. Akwai gilashin ƙara girma. Akwai rula ta katako da ake sawa a ƙarƙashin layin da ake bugawa, don ido ba shi da amana, yana tsallake layi bai gaya maka ba. Akwai burushi mai laushi na share ƙura da kashin kyankyasan Kyuba, da dutsen guga da ake ɗorawa ɗumi-ɗumi a kan farin ƙyalle a miƙar da takardar da ta cukwikwiye. Kibod ɗin Mma duk haruffansa sun goge, ta ce yatsu sun san gida. Ba a shiga da ruwa, ba a shiga da shayi, ba a shafa mai a hannu. Ni da Umma ta rena a kan cewa fururun fata abin kunya ne ga 'ya mace, sai ga ni da hunturu hannuna kamar bayan ƙadangare. Ɗakin yana warin tsohuwar takarda da ɗumin guga. Jiya na buɗe wani tsohon littafi a laburare na tsaya ina shinshinawa, har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Masu kawo mana aiki kusan duk mata ne, tsofaffi, masu jan baki da ƙananan jakunkuna. Wata mata a Germantown tana da ɗan ƙaramin wurin buga littattafai a garejinta, ita ke turo su. Wasu rubutunsu ne na kansu. Wasu na uwa ne, ko na 'yar uwa, ko na ƙawa da ta rage a can Kyuba, wani matafiyi ya ɗauko a ƙasan akwati tsakanin singileti da kwalbar magani. A shekarun da komai ya yi wuya a Kyuba takarda ta ɓace kamar yadda nama ya ɓace, amma matan ba su daina rubutu ba. Duk abin da ke da farin baya sun yi rubutu a kai.

Aikin farko da aka bar ni na buga waƙoƙi ne na wata malamar firamare, a bayan takardun jarrabawar ɗalibanta. A gaba wani yaro ya faɗi lissafi warwas, a baya malamarsa tana waƙa a kan teku. Na yi kwana huɗu a shafi biyu. Na miƙa wa Mma ina jiran yabo, ta ɗora rula tana bi layi-layi, ta gano na mayar da wani gajeren layi sama na haɗa shi da na gabansa don ya fi kyan gani. Ta ce, "Wa ya aike ki? Matar nan takarda ba ta ishe ta ba, amma ta bar rabin layi fari. Kina ganin mantuwa ta yi?" Na sake bugawa daga farko.

Wani aikin kuma littafi ne na wata baƙar fata, a kan kakarta. Da fensir ta rubuta, ƙananan haruffa kamar tururuwa sun yi taro. Akwai kalmomin da Mma ta ce ba Sifaniyanci ba ne, na addu'o'in kakar ne. Na kwafi ɗaya na kai gida, abokin Baba Bayarabe da ya zo cin tuwo ya karanta, ya ajiye cokali ya ce wannan ai yarensu ne, ya tsufa ne kawai a hanya. Sai da Mma ta bar shi ya sauko ɗakin ƙasa ya ga takardar, bayan ya wanke hannu, babban injiniya da shi.

A haka na koyi Sifaniyanci fiye da wanda ake koya mana a makaranta, na kuma san abin da matan nan suke rubutawa. Layin burodi. Ɗauke wuta, wanda ni 'yar Kaduna ban buƙaci fassara ba. Ɗa da ya hau kwale-kwale aka daina jin labarinsa. Keken ɗinkin uwa. Mma ta ce a makarantarsu ta tsibiri an sa su haddace waƙoƙin manyan mata marubuta na ƙasar, har yanzu tana iya rerawa, amma yawancin littattafan maza ne a kan doki suna jawabi. Waɗannan namu su suka shigo da kicin da asibiti da bakin ƙofa cikin littafi. Ta ce in ka iya kallon rubutun hannu za ka ga inda tukunya ta tafaso, don a tsakiyar jimla biro yake tsayawa, ya dawo da wata tawada.

Sai muguwar shekara ta zo, ina da sha uku. Matar Germantown ta sayi sikana, injin da wai zai karanta rubutu da kansa, ta ɗauko wasu ɗalibai biyu suna zura masa takardu. Wayarmu ta mutu murus. Wata da watanni muna zaune, Mma tana goge gilashin da ba ya da datti, ni ina aikin gida na makaranta saboda tsabar rashin abin yi, har makina ya hau Baba ya fara zargin ko ba ni da lafiya. Daga baya injin ya nuna halinsa, in aka ba shi fensir a kan takardar kunshin sukari sai ya fito da abin da ko aljani ba zai karanta ba, matan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Amma a wannan shekarar aiki ɗaya tak ya shigo mana, kuma shi na kusa hallakawa.

Donya Amparo ce ta kawo shi. Donya kamar Hajiya ce a wurinsu. Ta haura tamanin, tana zaune da ɗanta a Fort Washington, idonta ya tafi sai dai ta bambance haske da duhu. Ɗan ya riƙo ta suka sauko matakala, ita kuma tana rungume da kwalin takalmi, ta ƙi ba shi. Ta ce ba za ta kai wa inji ba, hannun mutum take so. A cikin kwalin akwai takardu sama da ɗari uku, an ɗaure su da tsinken tsohon zani. Rubutun ƙanwarta ne, Lusila, malamar makaranta. Donya Amparo ta baro Kyuba da mijinta tun tana matashiya, Lusila ta ƙi tafiya, ta ɗauki tafiyar yayarta a matsayin cin amana. Shekara talatin Donya Amparo tana aika mata wasiƙa, ko sau ɗaya amsa ba ta zo ba. Da Lusila ta rasu, wata maƙwabciya ta samu kwalin a ƙarƙashin gado ta aiko. Ba wani kwafi a duniya sai shi. Donya Amparo ba ta kwance ɗaurin ba, ta ce me za ta gani. So take a buga, a karanta mata, a yi littafi da sunan ƙanwarta tun tana da sauran numfashi.

Mma ta leƙa gefen takardun ba ta kwance ba, ta ce babu lambar shafi ko ɗaya, yadda aka jera su shi ne littafin. Da Sifaniyanci ta faɗa, ga baƙuwa ta faɗa, ni kuma lokacin ina kallon takalmin ɗan Donya ina tunanin ko fatar kada ce. Ta ajiye kwalin a tebur ta ce sai Litinin, za ta fara sa wa kowane shafi lamba da fensir.

Ranar Litinin na riga ta sauka, tana sama tana sallar la'asar da lazuminta mai tsawo. Ku da kuka san ɗakin Umma kun san yadda take jera kwanuka, babba a ƙasa, ƙarami a sama, masu fure gefe guda, farare gefe guda. Tun ina shekara biyar ake dukan hannuna a kan jere. Na buɗe kwalin nan na ga abin takaici, doguwar takarda kan gajera, ruwan ƙasa kan fara, fom ɗin asibiti kan takardar kunshi, duk bakinsu a hargitse. Ga shi wata da watanni ban yi abin yabo ba. Na wanke hannu sosai, wannan kam ban manta ba. Na kwance ɗaurin. Na ware manya, na ware matsakaita, na ware masu layi, na tsince wasu ƙanana shuɗaye marasa kauri na tara su gefe. Tsibi bakwai na yi a kan tebur, bakinsu a daidaice kamar an yanka da reza. Na koma gefe na harɗe hannu.

Mma ta sauko da carbi a hannu. Ta kalli tebur, ta kalli kwalin da ba komai a ciki, ta kalle ni. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a minti ɗaya ba sai ranar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Nafisa, matar da ta san jerin nan tana cikin kabari."

Can ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya daga cikin shuɗayen, ta juya bayanta, ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Takardun wasiƙar jirgin sama ne, guda goma sha tara. A gefe ɗaya rubutun Donya Amparo ne da tawada, wasiƙun da ta yi ta aikawa. A ɗaya gefen rubutun Lusila ne da fensir.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin sana'ar, kuma duk wadda ta ce taifin kawai ina so ta karanta wannan wurin sau biyu. Muka shimfiɗa fararen zannuwan gado a ƙasa, muka baje takardun, ɗakin ya koma kamar an shanya kuɓewa. Da farko Mma ta bi jimla, in shafi ya ƙare a tsakiyar magana sai a nemo wanda ya ɗauka daga nan. Wannan ya haɗa mana kusan rabi. Sauran kuwa Lusila ta auna maganarta da girman takardar, ta fara a sama ta gama a ƙasa, ba abin da ya tsallaka. Nan fitila ta yi aikinta. Lusila tana ɗora sabuwar takarda a kan wadda ta gama ne ta yi rubutu, kuma hannunta yana da nauyi, saboda haka in ka kwantar da haske za ka ga sawun biron shafi na gaba a jikin na baya, kamar sawun kaza a yashi. Aikina ke nan, in kwanta rub da ciki da gilashi ina karanto kalma ɗaya ko biyu daga sawun, Mma tana neman mai ita. Akwai wani lokaci da ruwan sama ya ɗiga mata ta rufi ya ɓata kusurwar wasu shafuka, tabon yana raguwa daga sama zuwa ƙasa, muka jera su daga babban tabo zuwa ƙarami. Akwai biron da ya yi ta dusashewa har ya mutu a shafi na sha huɗu. Akwai tsatsar wani kilif na maƙale takarda da ta ci shafi shida. Wata biyu muka yi a haka. Gwiwoyina suka yi kanta, idona ya koma ganin sawun biro har a jikin burodi.

A hankali littafin ya tashi tsaye. Labarin unguwarsu ne, gida-gida, wa ya tafi, wa ya zauna, wa ya sayar da gadonsa na ƙarfe ya sayi taya don haɗa kwale-kwale. Mma tana karantawa tana dariya, wani wurin kuma ta ce in miƙo burushi alhali ba ƙura.

Shuɗayen nan goma sha tara ne suka gagara. Ƙanana ne, ruwan bai kai gare su ba. Ba su da kauri, Lusila ta lallaɓa su da fensir, ba sawu. Kowacce maganarta a cike take, kuma duk da "ke" take magana, ke kika fasa tulun nan aka dake ni, ke kika tafi da almakashin Mama, ke ba ki ga yadda mangwaron ya yi 'ya'ya bana ba. Wasu faɗa ne zalla, wasu ba faɗa ba. Mun gwada duk dabarar da muka sani, ba wadda ta nuna mana gurbinta. Donya Amparo kuma kullum Juma'a sai ta sa ɗanta ya bugo waya, Mma ta ce ana kan aiki, wanda gaskiya ne.

Wata Lahadi da rana Mma ta ce in sa mayafi, za mu Fort Washington. A mota na ba ta shawara uku. Na ce mu ce mage ce ta ture kwalin, ta ce ba ta da mage. Na ce iska, ta ce ɗakin ba taga. Na ce to girgizar ƙasa, ƙarama, wadda ta tsaya a Lanham kawai. Ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Ke kika kwance, ke za ki faɗa. Ni tafinta ce yau."

Muka sami Donya Amparo a kujera kusa da taga, ta juya fuska wajen kogi ko da yake ba ta ganinsa. Na durƙusa na gaishe ta irin tamu, ta shafa kaina ta ce yarinyar nan kullum sai ta faɗi ƙasa. Ɗan ya kawo kofi a ƙananan kofuna kamar na wasan yara. Na faɗi abin da na yi da Hausa, tun daga kwanukan Umma har tsibi bakwai, Mma tana juyawa. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, abin da ni kaina ya ba ni mamaki. Ɗan ya miƙe tsaye fuskarsa ta yi ja, uwar ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Mma ta yi bayanin yadda muka mayar da jerin, da inda muke da tabbas, da wurare biyu da muke zato. Sannan ta ce saura goma sha tara, ta ɗora su a cinyar tsohuwar.

Yatsunta suna taɓa takardar ta gane. Ta murza gefen ɗaya, ta kai hanci, ta ce wannan ai tata ce, a kantin kusa da tsohon gidansu take sayen irinta. Mma ta ce e, kuma Lusila ta yi rubutu a bayan kowacce. Tsohuwar ta ce a karanta mata ɗaya. Mma ta karanta ta almakashi. Donya Amparo ta ce ƙarya ne, almakashin nata ne, Mama ce ta ba ta, Lusila tun tana yarinya haka take. Tana faɗa tana shafa takardar.

Sai ta juyo wajen da take jin numfashina. Ta ce ni ce idon ƙarshe da ya ga littafin yadda ƙanwarta ta bar shi. A ina waɗannan suke? A sama ta sa su, ko a can ƙasa ta tura su?

Amsar tana bakina tun kafin ta rufe nata. A sama, Donya, su ne na farko, har da ɗan fure busasshe a kai. Na iya irin wannan, da ita aka haife ni, kuma ba mai ƙaryata ni a duniya. Mma ta juya tana kallon kogi, duk abin da na faɗa shi za ta fassara. Na rufe ido na koma ranar Litinin ɗin nan, na ga hannuna a cikin kwali.

Na ce ban san gurbin ko ɗaya ba. Abu ɗaya kawai na tuna, sun ba ni wahala wajen tsincewa, don ba wuri ɗaya suke ba. In na ɗaga shafi goma ko ashirin sai in ga ɗaya, in na ce sun ƙare sai wata ta ɓullo, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa.

Mma ta fassara. Tsohuwar ta ce, "Har ƙasa?"

Na ce har ƙasa. Ta ƙarshen da na ciro ina hango gindin kwalin.

Ta shafa takardun da ke cinyarta. Sannan ta ce, "Shekara talatin ina cewa a shara take zubawa."

Ta ce a ɗora mata littafin duka a cinya. Ɗan ya kawo faranti mai faɗi aka ɗora a kai. Ta ɗauki shuɗiya ɗaya, ta bi gefen tarin da babban yatsa a hankali, inda yatsan ya tsaya ta buɗa ta zura ta. Ta ɗauki ta biyu. Ba ta tambayi abin da ke shafin ba, duk inda ta zura kuma, Mma ta sa 'yar alama da fensir. Haka ta yi ta yi, wata kusa da sama, wata a tsakiya, wasu biyu kusa da juna don ta ce a shekarar ta yi rubutu da yawa. Da ta zo ta ƙarshe ta riƙe ta ta daɗe, sannan ta miƙo ta wajena, ta ce in sa da kaina tunda ni na san hanyar kwalin. Na ɗaga tarin, na sa ta can ƙasa, saura shafi kaɗan a ƙare.

Ni na buga goma sha taran nan, da rula, layi-layi, Mma ta duba ba ta sami abin cewa ba. Matar Germantown ta buga littafin da sunan Lusila a bango. A shafin farko an rubuta cewa shafuka goma sha tara yayar marubuciyar ce ta zaɓa musu wuri, don jerinsu na asali ya ɓace. Ba a faɗi wadda ta ɓatar ba, Allah ya saka wa Mma da alheri. Kullum Lahadi muna zuwa Fort Washington, Mma tana karanta wa Donya Amparo babi ɗaya ko biyu, ita kuma tana katse ta tana gardama da ƙanwarta a kan wa ya fasa tulu. Muka kai shafin ƙarshe ganyen bishiyoyi na zuba, tsohuwar ta ce a koma farko.